Barcin Sulo

Two Harbors, Minnesota
9 ga Afrilu, 1997

Ɗana Wendell,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da 'ya'yan kifin da kuke reno a wannan tsibiri naku na ƙarshen duniya. Ni dai da sauƙi. Gwiwar hagu ce ke yi mini tsiya, kunne kuwa ka san shi, sai abin da ya ƙaru. Ƙanƙara ba ta gama narkewa a bakin tafki ba, amma jiragen ruwa masu ɗaukar tama sun fara shigowa.

Ni da marigayi ubanka 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma duk gidanmu ba wanda ya iya kwana-kwana, don haka ga magana. Sulo ba shi da lafiya.

Ranar da ka kawo mini shi cikin keji ka ce, "Gwaggo, feret ba shi da wahala, wata huɗu ne kawai." Maƙwabciyata Verna ta leƙa kejin ta ce ita ba ta ga abin da ya raba shi da tunku ba, sai dai shi an raɗa masa suna. Na karɓe shi ne don na matarka Lorna ne, Allah ya jiƙanta, ba don ina son abin da zai riƙa shiga mini hannun riga ba. To sati biyu ke nan ya rage cin abinci, sai na ji wasu ƙulluttai a wuyansa da bayan gwiwoyinsa, kamar ƙwayar wake. Verna ta kai mu Duluth wurin likitar dabbobi, Dakta Prewitt, ta ɗebi wani abu da allura. Jiya sakamako ya fito. Limfoma ce, wato ciwon dajin kaluluwa.

Na ce mata, "Likita, ki ɗaga murya, kuma kada ki lallashe ni. Kwana nawa ya rage masa?"

Ta ce, "Mama, da na sani da na faɗa miki. Na ga wanda bai yi sati biyu ba, na ga wanda ya ci shekara biyu. Ƙanana ciwon ke kwashewa da sauri. Masu shekara shida irinsa yakan bi su a hankali. In kika jera duk waɗanda na gani, na tsakiyar layi wajen wata shida yake yi."

Na ce, "To shi Sulo a ina yake tsaye cikin layin?"

Ta ce, "Shi kaɗai ya sani, kuma kin ga ba ya magana."

Hanya biyu ta ba mu. Ko a riƙa kai shi Duluth duk sati ana yi masa alluran daji, ko a ba shi wani maganin ruwa a gida safe da yamma, wanda zai sa kumburin ya sace, ya buɗe masa ciki. Ta ce duka biyun ba mai warkarwa, kuma ba za ta rantse allurar ta fi ƙara kwana ba. Na fara ba shi na gidan kafin in ji daga gare ka. Kada ka ɓata kuɗinka kan waya, ko ta yi ƙara ba ji nake ba. Rubuto.

Gwaggonka,
Ardis Koskela

*

Gidan ƙyanƙyasar kifi, Alaska
28 ga Afrilu

Gwaggo Ardis,

Na gaishe ki da gwiwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai ruwan sama da ba ya hutawa. Wasiƙarki ta zo da jirgin saman da ke sauka kan ruwa ranar Talata, kuma tun da sati biyu-biyu yake sauka, na samu kwana goma sha uku ina juya ta a aljihu.

Bari in faɗa miki abin kunyar da na yi. Ina gama karantawa na ɗauko kalanda na ƙirga wata shida daga takwas ga Afrilu. Ya faɗa kan Oktoba. Ban gaya miki ba, amma da niyyata in zango na farko ya ƙare a Yuli in sa hannu in zauna har ƙarshen Oktoba. Sai na ji kaina ina cewa, to ai kusan daidai ne. Na daɗe tsaye da kalandar a hannu kafin in gane muryar wa nake ji.

Kin san labarin, amma ban taɓa faɗa da bakina ba. Likitan Lorna ya ce shekara ɗaya. Na ɗauki shekarar nan kamar an sa mini hannu a takarda, na ce bari in yi zango ɗaya a jirgin tama, wata biyu kacal, in dawo mu zauna. A wata na huɗu ta tafi, ina tsakiyar tafkin Huron. Da na iso an riga an rufe akwatin gawa. Mutumin bai yi mini ƙarya ba, Gwaggo, shi ma na tsakiyar layi ya faɗa mini. Ni ne na mai da shi alkawari. An ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, amma ga ni na ga macijin da kansa ina neman sake taka shi.

Ba zan sa hannu ba. Jirgin takwas ga Yuli da ni zai tashi.

Kada a yi masa alluran. Na ga abin da zirga-zirgar asibiti ta yi wa Lorna, kuma Sulo ko ƙofar mota aka buɗe sai ya hau rawar jiki. Ki ci gaba da na gidan. In ya ƙi abinci, ki dafa kaza har ta narke, ki niƙa ta da romonta, ki ba shi da ɗumi a kan yatsa. Haka Lorna take yi masa. Duk abin roba ki ɗaga shi sama, ɓarawo ne na gaske.

Ki riƙe mini shi har Yuli, don Allah.

Ɗanki,
Wendell

*

Two Harbors
15 ga Mayu

Wendell,

Ina gaisuwa. Gwiwa ta yi sauƙi tun da rana ta fara fitowa, har na yi burodin pulla na kai coci ranar Lahadi.

Mutuminka ya farfaɗo. Ƙulluttan sun sace, yana cin kaza kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Shekaranjiya ya yi mini wannan haukan nasa, baki buɗe, yana tsalle gefe-gefe har ya ci karo da ƙafar tebur, ya tashi ya dube ni kamar ni na ajiye teburin a hanyarsa. Na yi dariya har da hawaye, ni kaɗai a kicin. Rabona da irin wannan dariya tun Arvo mijina na raye.

Sata kuwa hali zanen dutse. Murfin bahon wanka ya ɓace, safar hannun Verna ɗaya ta ɓace. Ta ce in dai ba a biya ta ba za ta daina ɗaukar mini wasiƙu. Wasa take yi. Har yanzu a kan ɗan bencin bakin ƙofa nake ajiye su, in za ta shiga gari ta leƙo ta ɗauka, ko ina ciki ko ba na ciki.

Ka ce in riƙe maka shi har Yuli. Wendell, ni ba rai nake riƙe da shi ba, cokalin magani ne a hannuna. Shi kam ba zan sake shi ba. Na ji daɗin abin da ka rubuta game da Lorna. Shekara biyu nake jira ka faɗa.

Gwaggonka,
Ardis

*

Two Harbors
2 ga Yuni, da safe

Wendell, ɗana,

Ka yi haƙuri, yau ba gaisuwa. Sulo ya mutu.

Na same shi da safen nan cikin aljihun kabad inda yake kwana. Na kira, na taɓa, shiru. Na ɗaga shi, jikin ya saki kamar tsumma, kai ya langaɓe. Na girgiza shi, na kara shi a kunne, amma me kunnena zai ji? Da sauran ɗumi a jikinsa, ina jin bai daɗe ba. Jiya lafiya lau ya ci abincinsa.

Na naɗe shi cikin rigar sanyin Lorna, na sa shi a kwalin takalmi. A gindin itacen lilak zan binne shi. Verna na tsaye da mota a kunne, hannu da hannu zan ba ta wannan.

Na kasa riƙe maka shi. Ka yafe mini.

Ardis

*

Gidan ƙyanƙyasar kifi
24 ga Yuni

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ya haƙuri? Ba abin da za a yafe. Kin yi masa abin da ni ban tsaya na yi ba.

Wasiƙarki ta zo ran goma ga wata. Gaskiya da farko ban yarda ba. Akwai wani barci da feret ke yi, mu masu kiwonsu duk mun san shi, sai ka rantse gawa ce. Ka ɗaga shi, ka juya shi, ko motsi. Karon farko da ya yi wa Lorna haka, da kuka ta fito da shi a hannu, sai da muka shiga mota ya buɗe baki ya yi hamma. Shafi biyu na rubuta miki na yadda ake kula da shi, har da yankan farce, amma wannan ban rubuta ba. Abin ya zame mana jiki har na manta wani bai sani ba.

Sai na ce wa kaina, in barcin ne, Gwaggo za ta aiko da wata wasiƙar a ranar. Na roƙi Burl, shugabanmu, ya haɗa ni da wayarki ta rediyon ofis. Ta yi ƙara sau ashirin da ɗaya, na ƙirga. Na haƙura na jira jirgin yau. Na tsaya a bakin gada tun kafin a ji ƙararsa, na zazzage buhun wasiƙu da hannuna har sau biyu. Babu komai daga gare ki. Na kuma gane cewa in ma barcin ne, to an binne shi a haka, kuma laifin nawa ne. Wannan tunanin ba na so ki ɗauka, ni zan riƙe shi.

Yau ce ranar ƙarshe ta sa hannu, na sa. Ina nan har ƙarshen Oktoba. Ba abin da zan dawo in tarar sai gindin lilak, shi kuma zai jira ni. Sau biyu ke nan ina kan ruwa. Wannan karon har na yi niyyar kirki, ita ma ba ta isa ba.

Matuƙin jirgi na jira. Ki kula da gwiwar nan.

Wendell

*

Two Harbors
1 ga Yuli

Wendell!

Yana da rai. Sulo yana da rai, ga shi nan kan cinyata yana cizon maɓallin rigata. Na rubuta wannan tun farko don kada ka karanta ko layi ɗaya ba ka sani ba. Yanzu kuma gaisuwa: ina lafiya, in ka cire kunyar da ta ishe ni.

Ranar nan Verna na tafiya da wasiƙar na ɗauki shebur na fita. Da wannan gwiwar tawa awa ɗaya na yi ina haƙa, ina kuka, ina yi masa waƙar coci. Na dawo in ɗauki kwalin, sai na tarar da murfi a ƙasa, riga a yashe, mamacin kuma yana cikin kwandon shara ya sa kai cikin gwangwanin kifi. Na zauna a ƙasa daɓas. Na ce, "Kai, ɗan banza, ka san abin da ka ja mini?" Ya ɗago ya dube ni da mai a gemu. An ce barci ƙanin mutuwa ne, amma ban taɓa ganin wa da ƙani masu kama haka ba.

A take na rubuta maka, kafin ma in wanke ƙasar hannuna. Na ajiye a kan benci. Da yamma na duba ba ta nan, na ce Verna ta ɗauka. Ita kuma ta leƙo ba ta ga komai ba, ta ce yau babu. Ba wadda ta tambayi wata. Da na ji ka shiru na ce fushi kake yi da tsohuwar da ta tsorata ka a banza, in ka zo ma shirya. Har na wanke labulen ɗakinka.

Jiya wasiƙarka ta zo. Na karanta na ruga gidan Verna da silifa, muka yi ta "ke kika ɗauka", "a'a ke dai kin manta". Can ta ce, "Ardis, wa ke kwashe kaya a gidanki?" Mu biyu muka ja doguwar kujera. Murfin baho, safar hannunta, cokali biyu, toshiyar robar na'urar kunnena da nake nema tun sati uku, an tauna ta. Da wasiƙarka. Ga ta nan na haɗo maka, da shaidar haƙoransa a kan kan sarki. Ka ce in ɗaga roba sama, ba wanda ya ce mini takarda.

Kada ka ɗauki laifin nan kai kaɗai. Kai ka manta layi ɗaya, ni na yi gaggawar aika mummunan labari hannu da hannu, mai daɗin kuma na bar shi a kan benci.

Saura gaskiyar da ta rage. Ƙulluttan sun dawo, sun fi na da. Ya rame, ƙafafun baya suna ɗan ja, ya daina wannan tsallen. Dakta Prewitt ta ƙara maganin, amma ta ce ya kusa ba da abin da zai iya bayarwa. Na buɗe baki zan tambaye ta kwana nawa, sai na rufe. Ita ma ba ta faɗa ba.

Na san ka sa hannu, kuma gidanmu ba a sa hannu a janye. Ba zan ce ka zo ba, ba zan ce kada ka zo ba. Ramin dai yana nan a gindin lilak, na rufe shi da katako.

Gwaggonka,
Ardis

*

Gidan ƙyanƙyasar kifi
8 ga Yuli

Gwaggo,

A tsaye nake rubutu, a kan gangar mai. Jirgin da ya kamata in hau yau shi ya kawo wasiƙarki. Na yi dariya, na yi kuka, mutane suna kallona.

Na tafi wurin Burl kai tsaye. Ya ce, "Saboda ɓera za ka bar ni da sababbin ma'aikata uku kifi na shigowa?"

Na ce, "Ba ɓera ba ne."

Ya ce, "To mene ne?"

Na ce, "Na Lorna ne."

Sai ya ce, "Yau dai ba inda za ka, sai ka koya wa mutanen nan aiki. Ka bi jirgin ashirin da biyu. In na biyar ga Agusta ya sauka ba ka ciki, kayanka a teku za ka tsince su."

Sati biyu ke nan, da kwana biyu a hanya. Ba zan ce ki riƙe mini shi ba, na koyi wannan. Ki dai ci gaba da cokalin. In ya yi barcin nan kuma, ki shafa masa romon kaza a hanci, ki jira.

Wendell

*

Gidan ƙyanƙyasar kifi
18 ga Agusta

Gwaggo Ardis,

Gaisuwa da fatan alheri. Na iso lafiya, kayana ba su shiga teku ba. Kifi ya shigo da yawa bana, hannuwana duk sun tsattsage. Ina fata sabuwar toshiyar kunnen ta zo, ki kuma gaida Verna.

Dalilin wasiƙar nan shi ne ranar Larabar nan. Na yi ta magana kina gyaɗa kai, kuma na san ko rabi ba ki ji ba, tun da mutumin ya cinye miki na'ura. Kirki ne ya hana ki ce in maimaita. To ga shi a rubuce.

Da safen Sulo ya shiga cikin rigata, kamar yadda yake yi tun ranar da na iso, ya kwanta a kan cikina. Ina jin numfashinsa a fatata, yana ƙara nisa tsakani. Wajen ƙarfe tara na daina ji. Na kara kunne, babu. Na sani a lokacin, Gwaggo. Ba na bukatar romon da kika kawo, amma na bar ki kika shafa masa.

Sai kika ce, "Ni dai ba mai sa shi a rami yau sai ya yi sanyi. Ya taɓa mai da ni sakarya sau ɗaya." Muka shimfiɗa shi kan rigar Lorna a tebur, kika dafa kofi, muka zauna. Abin da nake ta faɗa miki a zaman nan shi ne, ban taɓa zama da Lorna haka ba. Ban ga fuskarta ba, ban riƙe hannunta ya huce a nawa ba. Shekara biyu wani ɓangare na zuciyata yana jiran a ce kuskure aka yi, kamar yadda na jira buhun wasiƙu a bakin gada. Ranar na zauna tun safe har la'asar ina kallon abin da Lorna take so, ina ba shi duk lokacin da yake bukata ya tashi. Bai tashi ba. Da na ɗaga shi na ji ya sandare, sai na yarda, har da nata. Kukan da kika ga na yi a gindin lilak na mutum biyu ne, kuma tun ranar nake barci sosai.

Dakta Prewitt ta ce in sanar da ita kwanakin da ya yi, tana rubuta na kowa don masu tambaya irinmu. Ki gaya mata daga takwas ga Afrilu zuwa talatin ga Yuli, wata huɗu ba kwana tara. Bai kai tsakiyar layin ba. Da na bi kalanda da na makara da wata uku. Ki ce ta rubuta a gefe, in akwai wuri, cewa kwana shida na ƙarshe mai shi yana nan.

Zan zo a Nuwamba in gyara miki matakalar baya kafin ƙanƙara. Wani abu kuma: da na kwance jakata a nan na tarar safata mai ruwan toka ɗaya ce ta zo. Ban san yaushe ya samu ƙarfin jan ta ba, da waɗannan ƙafafun nasa. In kin ja doguwar kujera kin gan ta, ki bar ta a wurin.

Ɗanki,
Wendell